Zafin Kwamfutar Gem da Haƙƙin Abin da Ba Shi da Rai

Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera don buga gem inji ce mai cin wuta sosai wadda aka cusa cikin siririn jiki. A cikinta akwai manyan sassa biyu da ke ɗaukar nauyin aiki: furosesa mai yin lissafi, da na'urar hoto mai zana abin da ido ke gani a allo. Idan wasa ya kankama, su biyun kan ja wat 100 zuwa 200, wasu ma su zarce. Na'urar hoto ta Nvidia RTX 4090 da ake sa wa irin waɗannan kwamfutoci ita kaɗai tana iya kai wat 175. Kusan duk wannan wuta zafi take komawa, kuma dole zafin ya sami hanyar fita.

Hanyar fitarsa ƙunƙuntacciya ce. A kan kowane sashe akwai farantin jan ƙarfe, an shafa wani maiƙo ruwan toka tsakaninsu don kada iska ta raba su. Daga farantin sai bututun jan ƙarfe rufaffe mai ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana zama tururi a gefen zafi, ya gudu zuwa ƙarshen bututun inda aka jera siraran ƙarafa, ya huce, ya dawo. Fanka ce ke hura iska ta tsakanin ƙarafan ta fitar da zafin waje. Idan abin da ake samarwa ya fi abin da ake fitarwa, ma'auni ya yi ta hawa har ya kai iyakar da masu ƙira suka sa. A yawancin furosesoshin Intel iyakar digiri 100 ce a ma'aunin Salshiyos, na'urorin hoto na Nvidia kuma kusan 87. Da an kai nan, injin zai rage gudunsa da kansa. Mai wasa yana ganin abin ƙiri-ƙiri: gem ya fara lafiya lau, bayan minti 15 ko 20 hoto ya soma sarƙewa, fanka tana ta kuka, madannai sun ɗau zafi a ƙarƙashin yatsu.

Wannan ja da baya ba lalacewa ba ce. A 2001 mujallar Tom's Hardware ta yi wani gwaji da ya shahara: ta cire abin sanyaya daga kan furosesoshi ana tsakiyar gem. Pentium 4 ta rage gudu ta tsira, Athlon ta wancan zamani kuwa, da ba ta da wannan kariya, ta ƙone cikin daƙiƙoƙi. Yau babu furosesar zamani da ba ta da irin wannan birki. Saboda haka abin da mai kwamfuta ke kira matsala shi ne dai abin da ya hana shi asarar kuɗinsa gaba ɗaya.

Daga nan tambaya ta taso, wadda ta girmi kwamfuta da ƙarnoni. Mutum yana iya cewa, "Kayana ne, da kuɗina na saya, in na ga dama in ƙona ta." Shin mallaka tana ba shi wannan dama? Shin abin da ba ya jin zafi ko raɗaɗi yana da wani haƙƙi a kan mai shi?

Dokar Faransa ta 1804 ta karkata ga mai kaya. Sashe na 544 ya bayyana mallaka a matsayin cikakken ikon mora da sarrafawa, muddin ba a keta wata doka ba. Malaman fiƙihu kuwa sun fara ne da rarrabewa. Dabba tana da haƙƙi na kanta domin tana jin yunwa da gajiya. A Mukhtasar na Khalil, wanda ake karantawa a zauruka daga Kano zuwa Agadas, an wajabta wa mai dabba ciyar da ita, in ya ƙi a sayar da ita. Abin da ba shi da rai hukuncinsa daban ne. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya ambata a Minhaj cewa gyaran gida ko magudanar ruwa ba wajibi ba ne a kan mai su, sai dai masu sharhin littafin sun karhanta a bar su su rushe. Dalilinsu ba tausayin bango ba ne. Dalilin shi ne hanin tozarta dukiya, wanda ya zo a hadisin Mugira ɗan Shu'uba a Bukhari da Muslim.

Wannan rarrabewa tana da kyau ƙwarai, domin ta kauce wa kuskure biyu a lokaci guda. Ba ta mai da inji mai rai ba, har a ce an zalunce shi. Ba ta kuma sakar wa mai shi linzami ba. Haƙƙin yana nan, amma ba na injin ba ne. Aya ta 7 a Suratul Hadid ta siffanta mutane a matsayin waɗanda aka wakilta a kan dukiyar da ke hannunsu, kuma wakili ana tambayarsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa tsare dukiya cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, tare da addini da rai da hankali da zuriya. Ko a Turai ma ba kowa ya yarda da cikakken iko ba: John Locke na Ingila ya rubuta a 1689 cewa mutum ba shi da haƙƙin tara abin da zai lalace a hannunsa ba tare da ya amfane shi ba. Batun halaccin gem ɗin kansa wata mas'ala ce dabam da malamai suka yi sharuɗɗa a kanta, musamman game da caca da tozarta salla. Ko da kwamfutar ta zanen gini ce ko ta haɗa bidiyo, tambayar zafi tana nan yadda take.

Ban da dukiya, akwai wasu masu haƙƙi. Jikin mai kwamfuta na farko: likitocin fata sun san wani tabo mai kama da raga da ke fitowa a cinyar wanda ya daɗe yana ɗora laftof mai zafi a kanta. Mutanen gida na biyu, domin batirin litiyam yana saurin tsufa a zafi, yana kumbura, har ya ɗago wurin shafa yatsa ko ya buɗe gefen kwamfutar, kuma batirin da ya kumbura haɗarin gobara ne wanda sauya shi ya zama dole. Na uku mutanen da ba a gani. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022. Wani kaso na irin wannan shara ya riƙa ƙarewa a wurare irin Agbogbloshie da ke Accra, inda matasa suka yi shekaru suna ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙin. Kwamfutar da ta mutu shekara uku kafin lokacinta ba mai ita kaɗai ta shafa ba.

To, ina iyakar alhakin mai kaya? A nan ne tambayar ta haɗu da batun ƙaddara da sababi, kuma zafin kwamfuta misali ne mai haske ƙwarai, saboda ana iya auna shi. Akwai iyakar da ba a iya turewa. Abin sanyaya ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake miƙa wa iskar ɗaki, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi injin zai ƙara. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa an tsara kayansu don yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, rana a watan Afrilu takan wuce 40. Wanda ke wasa da azahar a ɗakin kwano a lokacin bazara, babu dabarar da za ta ba shi abin da mai ɗakin sanyi ke samu. Wannan ba laifinsa ba ne, haƙuri ne maganinsa, ko ya jira dare.

Amma mafi yawan zafin da ake kuka da shi ba daga wannan ɓangare yake ba. Idan mai gyara ya kwance bayan kwamfutar da ta ga hunturu biyu ko uku ba a buɗe ta ba, abin da yake tararwa tsakanin fanka da siraran ƙarafan nan shi ne ƙura da ta dunƙule ta zama shimfiɗa guda, ana ɗago ta da tsinke kamar guntun tsohon bargo. Fanka tana juyawa da iya ƙarfinta, iska kuwa ba ta wucewa. Maiƙon da ke kan furosesa ya bushe ya tsattsage. Ƙofofin shan iska suna ƙasa, kuma mai ita ya saba ɗora ta a kan katifa. Duk wannan sakaci ne, kuma kiran sa ƙaddara ɗora wa Allah abin da bawa ya jawo ne. Gyaransa ba shi da tsada: a kashe ta, a cire caja, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta wulwulawa yayin da ake hure ƙura, a sabunta maiƙon bayan 'yan shekaru, a ajiye ta a kan tebur tare da ɗaga bayanta kaɗan. Wani lokacin ma raguwar gudun ba daga zafi take ba. Cajar irin wannan kwamfuta takan kai wat 180 zuwa 330, kuma idan aka ɗauke wuta ta koma kan batir, ko aka haɗa ta da ƙaramar caja, za ta rage gudu ko da jikinta da sanyi.

Akwai kuma zafin da kwaɗayi ke haifarwa, kuma shi ne ya fi dacewa da kalmar almubazzaranci. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba ya iya nuna cikakkun hotuna 140, amma idan ba a taka wa gem birki ba, na'urar hoto za ta yi ta zana su tana ƙona wuta. Ƙari a kan haka, gudun ƙarshe shi ne mafi tsada. Don a ƙara gudu sai an ƙara ƙarfin lantarki, kuma zafi yana hawa fiye da yadda ƙarfin ke hawa, har ya zama an biya zafi mai yawa don ɗan ƙarin da ido ba ya rarrabewa. Shi ya sa ƙayyade adadin hotuna daidai da allo, ko sassauta inuwa da ƙyalli a cikin gem, ko hana furosesa hawa ƙololuwarta, kan kawo wasa mai santsi fiye da sakin komai. Masana sukan rage wa furosesa ƙarfin lantarki kaɗan ba tare da gudu ya ragu ba, ko da yake kamfanoni da yawa sun toshe wannan hanya bayan gano wata kafar tsaro da aka kira Plundervolt a 2019. Injin da aka tsayar a matsakaicin gudu yana riƙe shi sa'o'i. Wanda aka saki yana tashi sama, ya bugi iyaka, ya faɗo ƙasa da matsakaicin, kuma wannan hawa da saukar ita ce sarƙewar da ke ɓata wasa.

Matsakaici yana da gefe biyu, kuma aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi wanda ya tsaya tsakanin ɓarna da ƙwauro. Akwai masu kwamfuta da waswasi ya kama, idonsu na kan ma'aunin zafi fiye da kan wasan, digiri 80 na tayar musu da hankali. Waɗannan injuna an ƙera su ne su yi aiki a digiri 80 zuwa 90 a lokacin nauyi. Sayen abu mai tsada a kuma ji tsoron morarsa shi ma wani nau'in tozartawa ne, domin kayan lantarki suna rasa daraja ko an taɓa su ko ba a taɓa ba.

Alhaki bai tsaya a kan mai amfani ba. Kamfanin da ya sa babbar furosesa a jikin da ba zai iya sanyaya ta ba ya sayar da suna ne, ba aiki ba. Na'urar RTX 3060 ta laftof an fitar da ita da ƙarfi daga wat 60 har 115, duk da suna ɗaya, kuma a 2021 Nvidia ta buƙaci masu ƙira su riƙa bayyana wannan adadi. A kasuwar kayan hannu kuwa, inda yawancin matasa ke saye, hukuncin a fili yake. Ɗan kasuwar da ya san kwamfuta tana shaƙewa bayan ta ɗau zafi, ya kunna ta minti biyu a gaban mai saye ya yi shiru, ya ɓoye aibi, kuma fiƙihu ya ba mai saye zaɓin mayar da kayan idan aibin ya bayyana. Irin wannan aibi ba ya fitowa a kwamfuta mai sanyi. Rabin sa'a na gem mai nauyi a shagon, caja a jone, manhajar auna zafi irin HWiNFO a buɗe, ya isa ya nuna ko injin yana riƙe gudunsa ko yana faɗuwa.