Haƙƙin Majinyacin Da Ba Ya Iya Tashi: Yadda Ake Yi Masa Wanka

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, tun shekarar 2014 da aka gano zinariya a Tchibarakaten, samari suke barin iyaye da mata suna tahowa wannan sahara neman halali. Wani rami ya rufta masa, wani ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ga shi babu uwa babu mata a kusa. A Arlit da Akokan kuma akwai dattawan da suka ƙarar da ƙarfinsu a ma'adinan Somair da Cominak, wadda aka rufe a shekarar 2021, yau wasunsu ko juyawa ba sa iya yi. A wasu ƙasashe akwai gidajen kula da tsofaffi da ma'aikata na musamman. Mu kuwa ɗakunanmu da rumfunanmu su ne waɗannan gidaje, mu ne kuma ma'aikatan. Abin kunya ne a ce muna rige-rigen wankan gawa, amma muna ƙyamar wanke ɗan'uwanmu yana da rai.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne tsadar ruwa, domin a Tchibarakaten motoci ke kawo shi daga nesa. To, mu sani ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi wanka da sa'i ɗaya, wato kusan lita 3, ya yi alwala da mudu ɗaya. Saboda haka ƙarancin ruwa ba hujja ba ne.

Ga yadda za a yi:

Na farko, namiji ya wanke namiji, mace ta wanke mace, sai miji da mata da aka halatta wa juna. A nemi izninsa, a gaya masa abin da za a yi, a saki labule.

Na biyu, a tanadi kwano 2 na ruwa mai ɗumi, ɗaya da sabulu, ɗaya na ɗauraya, da tsumma mai tsabta da tawul. A shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa.

Na uku, a lulluɓe shi da zane, kada a buɗe sai gaɓar da ake wankewa. A fara da fuska, sannan hannuwa, ƙirji, ciki da ƙafafu, ana gabatar da dama. Sai a juya shi ta gefe a wanke baya. Al'aura ita ce ƙarshe, da sabon ruwa da safar hannu ko ƙyalle, ba tare da kallo ba. Wanda ya karye a baya ko wuya kada a juya shi sai yadda likita ya nuna.

Na huɗu, a tsane hammata da matsematsi da tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe. A duba dunduniya da kwankwaso da ƙashin gindi. In wuri ya yi ja ko ya yi duhu, kada a murza shi, alamar gyambon kwanciya ce. Rigakafinsa shi ne a riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2.

Wannan gogewa tsabtar jiki ce, ba ta zama wankan ibada. Wankan janaba a mazhabar Imamu Malik yana buƙatar niyya, wadda majinyacin ne zai yi ta, da game jiki da ruwa, da cuɗawa, kuma wanda ya kasa cuɗawa yana iya wakilta wani. In ana tsoron ruwa zai ƙara ciwo ko ya jinkirta warkewa, sai a kawo masa rairayi ko dutse mai tsarki ya yi taimama, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta yi rangwame. Salla ba ta faɗuwa a kansa matuƙar yana cikin hankalinsa.

Muna kira ga limamai da kwamitocin masallatai su rubuta sunayen majinyatan da ba su da kowa, a raba kwanaki tsakanin jama'a, a ware wani abu daga asusun masallaci don ruwa da sabulu. Kuma abin da ido ya gani a ɗakin jinya amana ne, kada baki ya fita da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haɗa mu da masu tausaya mana ranar da ƙarfinmu ya ƙare. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.