Kayan Wanda Ya Ƙi Jin Gargaɗi

Ya ku 'yan makaranta, ga tambaya. Mun tashi mu shida da guzuri a baya, za mu kwana a dajin Borgu, bakin tafkin Kainji, wanda aka datse Kwara aka yi a 1968. Tun a gida muka gargaɗi ɗayanmu ya rage kaya, ya ƙi. Da la'asar sakaliya sai ya gaza. To, mu bar shi, ko mu raba kayansa? Waɗansu suka ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Gaskiya ne, amma horo domin gyara ake yinsa, wanda kura ta ci kuwa ba ya gyaruwa. Saboda haka muka raba, faɗa kuma muka ajiye sai da gari ya waye.