Godiyar Jiya Ba Ta Isa Yau Ba

Ya 'yan'uwa cikin Ubangiji, akwai wani ciwo wanda ya fi kama tsohon mai bi bisa ga sabo, sunansa mantuwa. Ran da aka yi mana baftisma zuciyarmu ta cika da murna. Amma shekaru sun wuce, kunne ya saba da bishara, har labarin gicciye ya zama mana kamar carar zakara ga mai nauyin barci: ya ji, amma ko juyawa bai yi ba.

Manzo Bulus ya ga wannan ciwo a ekklesiyar Korinti. Cikin sura 15 ta wasiƙarsa ta fari ya sake tuna musu tushen abin da suka karɓa, watau mutuwar Yesu Almasihu saboda zunubanmu, da binnewarsa, da tashinsa a rana ta uku. Ya kuma lissafa shaidun da suka gan shi da rai: Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, da Yakubu, daga baya Bulus kansa.

Mu lura, waɗanda ya rubuta wa masu bi ne, suna taruwa sujada kamarmu. Duk da haka sun rarrabu, wasu na bin Bulus, wasu Afolos. Ɗan'uwa yana kai ƙarar ɗan'uwa gaban alƙalin da ba mai bi ba. Wurin Jibin Ubangiji wani ya ƙoshi har ya bugu, na kusa da shi yana jin yunwa. Haka ya kan zama kullum. Sa'anda mutum ya manta an gafarta masa bashi mai yawa, sai ya shiga lissafin ɗan abin da ya ke bin maƙwabcinsa.

Ku tuna da kutare goma waɗanda Luka ya ba da labarinsu cikin sura 17. Yesu ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya sai suka tsarkaka, duka goman. Mutum ɗaya kaɗai ya juyo ya fāɗi gaban Yesu yana godiya, shi kuwa Basamariye ne. Taran sun tafi da lafiyar jiki, sun bar Mai ba da ita a baya. Mu fa? Da yawa daga cikinmu sun sami karatu da magani da aiki ta hanyar bishara. Sau nawa muka juyo? Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. In mai sayar da goro ya ƙara mana ɗaya mu kan ce mun gode, balle wanda ya ba da ransa dominmu.

Don me mu ke cewa kowace rana? Domin godiya ba ta ajiyuwa a rumbu. Shekara 40 Allah ya ciyar da Isra'ilawa da manna cikin jeji, kowace safiya sai su fita su tattara na yinin nan. Wanda ya ɓoye saura don gobe ya tarar ta yi tsutsa ta yi wari, sai ta jajiberen Asabar kaɗai ba ta lalacewa. Ga shi kuwa, da suka saba da ita sai suka fara gunaguni, suna marmarin kifi da albasa da tafarnuwar Masar, ƙasar da aka bautar da su. Abincin bai sake ba, zuciyarsu ce ta sake.

Mu tuna kuma bishara ba ta iso mu da arha ba. A 1893 samari uku suka sauka Ikko suna nufin ƙasarmu, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin ƙarshen 1894 biyu na farkon sun mutu. Sai a 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Kakanninmu sun yi ta jiransa. Kada namu ya kwanta cikin akwati yana tara ƙura.

To, me za mu yi? Da asuba, tun maigida bai ɗauki fartanya ba, tun uwargida ba ta hura wuta ba, a tara yara. A faɗi abu ukun nan da baki: ya mutu dominmu, an binne shi, ya tashi. Sa'an nan kowa ya ambaci alheri ɗaya da Allah ya yi masa jiya, ya kira shi da sunansa. In akwai wanda mu ke riƙe da shi a zuciya, mu yafe masa kafin mu fita.

Wani zai ce, "Bana damina ba ta yi kyau ba, ga ciwo a gida, da me zan gode?" Ɗan'uwa, mun san nauyin nan, Ubangiji ma ya sani. Amma fari ba ya taɓa abin da aka gama a kan gicciye, kuma kabarin nan yana nan wofi ko rumbu ya cika ko bai cika ba. Bulus da Sila sun yi waƙar yabo da tsakar dare cikin kurkukun Filibi, bayansu duk miki.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai tunawa, da baki mai godiya, gobe da safe da kowace safiya. Amin.