KWAMFUTAR ƊALIBI MATALAUCI: HAƘƘIN WANE NE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da amincinsa su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, ga tambaya a gabanka. Yaro ya tashi a Darini, ko wani ƙauye na ƙasar Batsari da Safana, Allah ya ba shi gurbin karatun ilmin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Ga gurbi, babu kwamfuta. Uban da zai sayar da rogo ko saniya ya saya masa, 'yan bindigar dajin Rugu sun raba shi da gona da garke. Kuɗin kwamfuta kuwa, ko ta gwanjo ce, ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar ga ma'aikaci cikin shekarar 2024. To, shin halal ne a saya masa da dukiyar zakka da sadaka, alhali ga marayu da 'yan gudun hijira suna kwana da yunwa?

Wani zai ce: ciki shi ne gaba, na'ura ƙawa ce. Rabin maganarsa gaskiya ne. Wanda yunwa za ta halaka, shi ake fara ceta, babu saɓani. Amma cewa na'ura ƙawa ce kuskure ne. Kwamfuta ga wannan ɗalibi kamar fartanya ce ga manomi. Wanda ya shekara 4 yana rubuta umarnin kwamfuta a takarda, bai taɓa ganin ya yi aiki ko bai yi ba, zai fito da shaida, hannu kuwa babu sana'a.

Ka sani, malamai sun ce duk ilmin da al'umma ba ta iya wadatuwa da barinsa, kamar likitanci da lissafi, farali ne na kifaya: in wasu suka yi, ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari, duka an yi laifi. Yau asibiti da banki da jarrabawar JAMB duk a kan wannan ilmi suke tafiya. Kuma ba baƙo ba ne gare mu. Kalmar algoridim da ɗaliban nan suke maimaitawa, daga sunan Alkhawarizmi ta fito, malamin lissafi Musulmi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya. Bayan yaƙin Badar ma, an karɓi koya wa yaran Madina rubutu a matsayin fansar waɗansu kamammu.

Game da zakka, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa kashi 8, fakirai da miskinai su ne na farko. Imamu Nawawi a cikin Almajmu'u ya bayyana cewa matalauci mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Hikimar a fili take: mudun gero ya ƙare a kwana biyu, kayan aiki kuwa kan mai da mai karɓa ya zama mai bayarwa.

Kada ka ce ai gwamnati ta ɗauke mana. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana ba da rance marar ruwa, kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa na wata. Wannan taimako ne, amma ba ya sayen na'ura. Daga nan ne yaro kan faɗa hannun masu ba da bashi da ruwa ta wayar hannu, watau riba tsantsa. In ya faɗa saboda mun rufe hannu, muna da kaso a laifin.

Kada kuma ka ce babu kuɗi. Dubi abin da ake ɓarnatarwa a lefe na gasa, da gara, da sadakar uku da bakwai da arba'in waɗanda Annabi (S.A.W.) bai koyar ba. Ku matasan masallaci guda, ku kafa asusu. Ku saya wa mabukaci, ko ku ba shi rance mai kyau, ku rubuta kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, ku jinkirta masa in ya shiga ƙunci. Ko ku yi waƙafin kwamfuta guda, in wannan ya gama ya miƙa wa na bayansa. A zaɓi mabukaci na gaskiya, ba ɗan wane ba, kuma kada a tozarta shi a gaban jama'a.

Kai kuma da aka saya wa, amana ce a wuyanka. In ka mai da ita wurin kallon batsa ko damfarar bayin Allah ta intanet, ka ci haƙƙin maraya da aka jinkirta dominka, kuma ka toshe ƙofa ga ƙannenka. Za a tambaye ka ranar Alƙiyama.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya dawo da zaman lafiya a ƙasarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.