Gadon Jariri da Daren Faskari

Wata biyu kafin matata ta haihu, na shafe mako guda ina binciken gadon jariri kamar mai shirin sayen mota. Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma ta koya mini kada in amince da abu sai na karanta ƙa'idojinsa. Na kuwa karanta. Tazarar da ke tsakanin sandunan gadon kada ta wuce santimita 6, don kada jikin jariri ya zurma kansa ya maƙale. Katifa ta zama mai tauri, ba filo, ba bargo mai kauri. A kwantar da shi rigingine. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa amma ba gado ɗaya ba, aƙalla watanni shida na farko. Ba zancen shaci-faɗi ba ne: bayan gangamin kwantar da jarirai rigingine da aka fara can a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi.

Haihuwar fari ce, saboda haka gida za ta tafi wanka, Faskari, ni kuma ina Kaduna wajen aiki. Na zaɓi wani farin gado mai tsada, na tura mata hotonsa, na ce ta nuna wa Inna, surukata. Da daddare saƙon murya ya shigo: "Inna ta ce a gaishe ka, gado ya yi kyau, Allah ya saka. Ta ce a tambaye ka, in aka ji harbi cikin dare, wa zai tsaya laluben yaro a wani gado daban cikin duhu?"

Sau uku na saurari saƙon. Ba ni da amsa.

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka tsoron tsofaffi ne. A watan Yunin 2020 'yan bindiga sun shiga Kadisau, a ƙaramar hukumar Faskari, sun kashe mutane da dama. A Disambar wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 har layukan waya aka datse a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi. Matan da suka rayu cikin waɗannan shekaru sun koyi kwana da zanen goyo a kusa da hannu. Inna tana nata lissafin, kamar yadda nake nawa, sai dai ita daƙiƙoƙi take ƙirgawa: tsakanin ƙarar farko da lokacin da yaro zai kasance a bayan uwarsa.

A wajen aiki mun san wannan cuta. Za ka rubuta manhaja, ka gwada ta a ofis mai wuta da intanet mai ƙarfi, komai ya tafi daidai, sai ta isa hannun wanda ke da sanda ɗaya ta sabis ta tsaya cak. Manhajar ba ta yi ƙarya ba. An dai gina ta ne bisa zaton wata duniya. Ƙa'idar likitocin can ma haka take: ta ɗauka cewa babban haɗarin dare yana cikin shimfiɗa, domin ƙofa a kulle take kuma ba mai ɓalle ta.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce: wa ke da haƙƙin cewa ga inda yarinyar nan za ta kwanta? Ni ne uba, ni zan biya kuɗin, kuma abin da na karanta gaskiya ne. Amma ba ni zan tashi ƙarfe uku na dare ba. Ba ni zan gudu da ita ba in gudu ya kama. A ganina wanda zai ɗauki nauyin sakamako da jikinsa ya fi wanda zai ji labari ta waya cancantar a fara jin ta bakinsa.

Sai dai akwai wata hanya mai sauƙi da na kusa bi, wadda ita ma ba ta da kyau: in ce to shi ke nan, manya sun faɗa, in naɗe tabarmata. Wannan ba ladabi ba ne, ragwanci ne sanye da rigar kunya. Haɗarin shimfiɗa bai ɓace don an sami wanda ya fi shi ƙara ba. Mai jego a gajiye take, barcinta nauyi gare shi. Katifun soso na yanzu suna lotsawa, ba kamar tabarma ko gadon kara da aka raini kakanninmu a kai ba. In hunturu ya shigo kuma sai a lulluɓe jariri da bargo har ka. Ana yawan cewa ai haka aka raine mu kuma ga mu. Gaskiya ne, amma mu da muka rayu ne kaɗai ke iya faɗin haka. In na san wannan na yi shiru don gudun a ce suruki ya cika iyayi, na sayi mutuncina da lafiyar 'yata.

Ga kuma na uku, wanda ni da Inna duk muka tsallake: sauro. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya fi kashewa. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina sai yaro ya kai wata 3 ake fara ba shi. Kafin nan gidan sauro ne garkuwarsa. Farin gadon da na zaɓa ba shi da ko inda za a rataya shi.

Da na dubi zuciyata da kyau, na ga dalilin da ya sa wancan gadon ya burge ni. Ina hango hoton ranar suna. Ina kuma son wani abu babba, mai tsada, ya tsaya a ɗakin a madadina tunda ni ba na nan. Alhali a Finland, tun 1938 gwamnati ke ba masu jego akwatin kwali cike da kayan jariri, kuma a cikin kwalin jarirai da yawa ke yin barcinsu na farko.

Na je Faskari da kaina. Na durƙusa na gaishe da Inna, kaina a ƙasa na yi mata bayanin katifa da bargo da kwanciya rigingine. Ta saurara har na gama, ta ce, "Wannan na ji. Amma hannun uwarta ya riƙa kai wa gare ta ba tare da ta tashi ba."

Wani kafinta a Funtuwa ya yi mana ɗan ƙaramin gado daidai tsayin gadon matata, aka ɗaure shi a jikinsa ba rata, gidan sauro ɗaya ya rufe su duka. Na tsaya a kansa da abin awo sai da kowace tazara ta dawo ƙasa da santimita 6, yana ta yi mini dariya.

Yanzu yarinyar ta yi wata biyu, suna can har yanzu. Mafi yawan darare a gadonta take kwana. Amma matata ta faɗa mini, ranar da aka wuni ana raɗe-raɗin an ga babura a bakin daji, a jikinta take kwantar da ita, zanen goyo a ƙarƙashin kanta. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tambaye ta ko ta cire bargon. Ta ce ta cire.