Cizon Ƙwari da Ƙaiƙayi a Ma'aunin Shari'a: Tsakanin Tawakkali da Riƙon Sababi

Cizon ƙwari yana cikin ƙananan cutarwar da malaman Musulunci suka tsaya a kansu tun ƙarnonin farko. Littattafan hadisi da na fiƙihu sun yi magana a kan jinin ƙuma a jikin tufa, da ƙwarƙwatar da ta addabi mai harami, da susa a cikin salla, da kashe tururuwa. Abin da ke ƙarƙashin waɗannan mas'aloli shi ne ko kare kai daga cizo yana taɓa tawakkali, da wace halitta ce ya halatta a kashe kuma ta wace hanya, da irin rangwamen da shari'a ta yi wa mai fama da ƙaiƙayi.

A ƙasar Hausa matsalar tana farawa a bazara, lokacin da zafi ke korar mutane daga ɗaki su kwana a tsakar gida, ta kuma tsananta da saukar damina har zuwa kaka. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin sai da jini ƙwayayenta ke nuna. Namijin ruwan furanni ya ishe shi. Macen tana zuba ƙwai a duk inda ruwa ya kwanta, ko kududdufi ne, ko tsohuwar taya, ko fasasshiyar tukunya a bayan ɗaki, ko sawun kofaton shanu, kuma cikin zafi mako ɗaya zuwa biyu ya isa ƙwan ya zama sauro mai tashi. Idan ta soka bakinta a fata sai ta zuba yawu mai hana jini daskarewa. Jiki ba ya yarda da wannan yawu, sai ya saki sinadarin da likitoci ke kira histamin, wurin ya tashi ya kama ƙaiƙayi. Ta cikin yawun nan kuma ƙwayar zazzaɓi ke shiga. Likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganin ƙwayar a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, sannan Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro kimanin miliyan 249, mutum wajen 608,000 suka rasu. Kusan kashi 31 cikin ɗari na mamatan a Najeriya suke, Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka fi asarar rayuka, kuma mafi yawansu yara ne ’yan ƙasa da shekara biyar.

Wannan bayani yana da nauyi wajen hukunci. Malaman da suka rubuta manyan littattafan fiƙihu sun san sauro a matsayin mai hana barci da ɓata tufa, ba su san shi a matsayin mai ɗauke da ajali ba, don ilimin bai zo ba a zamaninsu. Ƙa'idojin da suka kafa suna nan daram, amma girman cutar da ake aunawa da su ya canza.

Alƙur'ani ya ambaci sauro a aya ta 26 ta Suratul Baƙara, inda aka mayar da martani ga masu ganin bai dace Allah ya buga misali da ƙananan halittu ba. Ya ambaci ƙuda a Suratul Hajji don nuna gazawar abubuwan da ake bauta wa, ya kuma lissafa ƙwarƙwata cikin azabobin da aka saukar wa mutanen Fir'auna a Suratul A'araf. Masu tafsiri sun daɗe suna jan hankali ga ƙirar sauro, cewa yana da haɓar tsotso irin ta giwa, ga kuma fukafukan da giwa ba ta da su. Labarin sauron da ya shiga hancin Lamarudu ya halaka shi, wanda ya shahara a bakin masu wa'azi, daga littattafan tarihi da tafsiri ya fito, ba ya cikin Alƙur'ani. Abin da ayoyin suka tabbatar shi ne ƙanƙantar halitta ba ta sa a raina ta. Ba su ce kasancewarta aya yana nufin a miƙa mata jiki ba. Kunama ma halittar Allah ce, kuma an yi umarni da kashe ta ko ana cikin salla.

A kan tawakkali, hujjojin sun fi ƙarfin jayayya. Tirmizi ya ruwaito daga Anas labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin rufe ƙwarya da tulu da ƙofa idan dare ya yi, da kashe fitila kafin barci, da kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta saboda mutum bai san abin da ya hau ta a bayansa ba. Duk waɗannan rigakafi ne na cikin gida. Halifa Umar (RA) kuma, da ya isa Sarg a hanyarsa ta Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, kamar yadda makiyayi ke zaɓar gefen kwari mai dausayi ya bar busasshe, kuma ko wanne ya zaɓa bai fita daga hukuncin Allah ba. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa mas'alar rabo mai amfani a cikin Ihya'u. Ya kasa sababan kawar da cuta gida uku: wanda tasirinsa tabbas ne, kamar ruwa ga mai ƙishi; wanda ake kyautata zaton yana aiki, kamar ƙaho da shan magani; da wanda tasirinsa bai wuce tsammani ba. Barin na farko a wurinsa ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron halaka. Na biyu kuwa yin sa ba ya cin karo da tawakkali, ko da yake ya yarda cewa wasu bayin Allah sun bar magani saboda wani hali da suke ciki. Gidan sauro mai magani yana can ƙololuwar kashi na biyu. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Afirka sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓi da kusan rabi, yana kuma rage mutuwar ƙananan yara da kimanin kashi ɗaya cikin shida.

A nan ne ake yawan kuskure. Rangwamen da Gazali ya yi na barin magani ya shafi baligi ne a kan jikinsa. Ba shi da alaƙa da jaririn da ke kwance a tabarma, ko mai juna biyu da zazzaɓi ke iya jawo mata ƙarancin jini da ɓari. Uba yana iya haƙuri da cizon da ya same shi ya nemi lada, amma ba ya yin haƙuri a madadin ɗansa, domin yaro amana ne, kuma kowane mai kiwo abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Wanda aka raba wa gidan sauro ya kai shi lambu ya kewaye tumatir, ko ya rufe ’yan tsaki da shi, yaransa na kwance a fili, sakaci ya yi, ko da wane suna ya kira shi. Haka wanda ya kori masu rabon maganin rigakafin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012 ga yaran yankin Sahel daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, ana ba su wata-wata. Hakkin maƙwabci ma ya shigo: kwatar da mutum ya bari ta toshe a ƙofar gidansa ba gidansa kaɗai take aika wa sauro ba.

Game da kisa, asali a shari'a shi ne ba a ɗaukar ran halitta a banza. An hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda a hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya zarge shi a kan halaka al'umma guda mai tasbihi saboda laifin ɗaya. A ɗaya gefen, an halatta kashe hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo ko a cikin Harami, kuma malamai sun yi ƙiyasin duk mai cutarwa a kansu. Sauro da ƙuma da kuɗin cizo da kaska suna cikin wannan sahu. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗaliban zaure suka sani, ta bi tsaka-tsaki a kan tururuwa: babu laifi a kashe ta idan ta cutar kuma ba yadda za a yi, amma barinta ya fi soyuwa. Sai dai Malikiyya sun fi sauran mazhabobi tsanani ga mai harami, suna ganin ya guji kashe irin su ƙwarƙwata da ƙuda, in ya kashe ya ciyar da ɗan wani abu.

Hanyar kisan ma an duba ta. Risala ta karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, bisa hadisin da ya keɓe azaba da wuta ga Ubangijin wuta. Wannan ya sa aka tambayi malaman zamani game da fitila da faifan lantarki masu kashe sauro. Shaihu Ibn Usaimin da wasu sun halatta, da hujjar cewa jan lantarki ne ke kashewa ba ƙuna ba. Hayaƙin igiyar leko, da na ɓawon lemo ko ganyen ɗoɗɗoya da ake turarawa a ƙauyuka, ba ya shiga wannan saɓani, don kora yake yi ko sumarwa. Inda haɗarin yake shi ne fiya-fiya da sauran magungunan gona da ake yayyafawa a ɗakin kwana. Guba ce da aka yi don amfanin gona, tana shiga ta numfashi da fata, kuma ƙa'idar fiƙihu ita ce ba a kawar da cuta da wadda ta kai ta ko ta fi ta. Maganin feshin da aka yi don gida ma sai an fitar da yara da abinci, an rufe ɗakin na ɗan lokaci, sannan a buɗe iska ta ratsa kafin a shiga.

Ƙaiƙayi kansa shari'a ba ta ɗauke shi wasa ba. Sanya alharini haramun ne ga maza, amma Annabi (SAW) ya yi wa Abdurrahman bn Auf da Zubair bn Awwam rangwamen sa rigarsa saboda ƙaiƙayin da ke damunsu. Wata ruwayar ta ce ƙwarƙwata suka kai kuka a kanta. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, ya ga Ka'ab bn Ujra ƙwarƙwata na zubo masa a fuska alhali yana cikin harami, ya umarce shi ya aske kai ya yi fansa da azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya, kuma aya ta 196 ta Baƙara ta zo da wannan hukunci. A Muwaɗɗa, da aka tambayi Nana A'isha (RA) ko mai harami zai iya susa, ta ce ya sosa sosai, har ta ƙara da cewa ita da za a ɗaure mata hannu, to da ƙafa za ta sosa. Susa kaɗan a cikin salla saboda buƙata ba ta ɓata ta, sai idan ta yi yawan da mai kallo zai ɗauka mutum ba salla yake ba. Jinin ƙuma a tufa, in ji Risala, ba sai an wanke ba sai ya yi muni, kuma jinin da bai kai faɗin dirhami ba an yafe shi a mazhabar Malik. Mai yawan waswasi a nan yana da darasi a amsar da Ibn Umar ya ba wani mutumin Iraƙi da ya tambaye shi hukuncin jinin sauro: ya yi mamakin mutanen da aka kashe Husaini jikan Annabi a ƙasarsu suna tambaya a kan wannan.

Halaccin susa bai mayar da ita magani ba. Farce yana ƙara tayar da wurin, yana yaga fata, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, shi ya sa ƙafafun yara da yawa ke cika da gyambo da tabo a ƙarshen damina. Abin da ya fi shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi ko ƙanƙara a naɗe na ’yan mintoci, a shafa ruwan kalamin, a kuma yanke wa yara farce. Man kaɗanya yana tausasa busasshiyar fata, amma ba ya korar sauro. Wanda ya tashi da cizo a jere a baya ko a cinya ya duba ɗinkin katifa da tsagar gado, don aikin kuɗin cizo ne. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare a tsakanin yatsu, ya kuma bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, alamar ƙazuwa ce, kuma maganinta sai an yi wa kowa a lokaci guda an wanke shimfiɗa. Sabon gidan sauro da wasu ke kukan yana sa zafin fuska, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a fara kwana a ciki.

Addu'a da ruƙya suna da asali, har ga harbin kunama, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Sa'id, kuma ladan haƙuri ya tabbata ga duk abin da ya sami mumini har ƙayar da ta soke shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zo don ya maye gurbin magani. Kumburin fuska ko maƙogwaro da sarƙewar numfashi bayan harbin zuma ko rina lamari ne na gaggawa. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damina kuma, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi.