Iya Buɗe Waya Bai Sa Ta Zama Taki Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da iyalansa da sahabbansa. 

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga karatun matan aure, wata ɗalibata ta tsaya har kowa ya watse. Ta zaro wani tsohon iPad daga jaka ta ce, "Malama, maigida ne ya sayo wa yara a hannun wani yaro, da araha ƙwarai. To amma ya ƙi buɗuwa, wai sai an sa sunan mai shi da lambar sirri. Mai gyara ya ce zai iya tsallake kullen. Akwai laifi?"

Na karɓa na kunna. A kan gilashin ga harafin farko na adireshin imel na wani mutum, an rufe sauran da ɗigo-ɗigo. Na ce mata, "Yaya, kafin mu je ga mai gyara, wane ne wannan?" Ta yi shiru. Shirun nan nata ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara sanin menene kullen. A shekarar 2013 kamfanin Apple ya ɗaure kowace iPhone da iPad da asusun mai ita, matuƙar ya kunna manhajar neman waya idan ta ɓata. Ko an goge komai na ciki, ba za ta yi aiki ba sai an shigar da sunan asusun da lambar sirrinsa. A 2015 wayoyin Android su ma suka samu irin wannan kulle. Dalilin yin sa ɗaya ne: a sa wayar sata ta zama ba ta da amfani a hannun ɓarawo, don ya rasa mai saye.

Sai dai a 2019 wani mai binciken kwamfuta ya bayyana wata ɓaraka a cikin ƙwaƙwalwar tsofaffin na'urorin, tun daga iPhone 4S har zuwa iPhone X da wasu iPad na zamaninsu. Ɓarakar a jikin ƙarfen take, saboda haka sabunta manhaja ba ya toshe ta. Ta nan masu gyara suke bi su tsallake kullen. Amma ki lura da kyau: tsallakewa suke yi, ba cirewa ba. Sau da yawa layi ba ya kamawa, kuma ranar da aka sake goge wayar kullen zai dawo, domin a rajistar kamfanin sunan mai ita na farko yana nan daram.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Mai gyara zai iya ɓoye sunan daga idonki, amma bai goge shi daga rajista ba. To ina ga rajistar da mala'iku suke riƙe da ita? Tambayar mai gyara ita ce, za ta buɗu ko ba za ta buɗu ba. Tambayar Musulma kuwa ita ce, ta wace ce?

Ba ina cewa duk wayar da ke kulle ta sata ce ba. Lamarin kashi uku ne.

Na farko, wayarki ce kika manta lambar sirri, ko ta mijinki ce Allah Ya yi masa rasuwa. Wannan mai haƙƙi ne yake neman shiga ɗakinsa, babu laifi. Kamfanin ma da kansa yana cire kullen idan aka nuna rasitin saye na asali, kuma tun ƙarshen 2021 ya ba da dama mutum ya ayyana wanda zai gaji asusunsa. Abin kiyayewa kawai shi ne, wayar mamaci tana cikin gado. Ba ta zama ta uwargida don tana ɗakinta ba, sai an raba ko magada sun yafe.

Na biyu, tsintuwa. Kin tsinci waya a gidan biki ko a cikin adaidaita-sahu. Hukuncin wannan a fili yake a hadisin Zaidu bin Khalid da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma mun karanta shi a Risala: a kiyaye alamomin abin, a yi cigiyarsa shekara guda. Bayan shekara, ko an yi amfani da shi ko an yi sadaka da shi, in mai shi ya zo sai an biya shi. Magabata sun yi cigiya a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, mu kuwa an sauƙaƙe mana. Mai wayar yakan iya sa lambarsa ta bayyana a kan gilashi, ko ya yi ta kira. Wadda ta cire layi ta kai wa mai gyara ya goge komai, ta toshe bakin cigiya da hannunta. Hausawa suka ce tsintacciyar mage ba ta mage.

Na uku, shi ne na ɗalibata: kayan da aka saya a kulle, babu kwali, babu rasit, kuma farashin bai kai rabin na kasuwa ba. Mai saye zai ce, "Ai ni ban ga lokacin da aka sace ba." Gaskiya ne. Amma wanda ya sayar da wayarsa da yardarsa, me zai hana shi cire asusunsa? Aikin 'yan mintuna ne. Hadisi na shida a Arba'una, wanda yaranmu suke haddacewa, ya koya mana cewa tsakanin halal da haram akwai abubuwa masu rikitarwa, kuma mai nisantarsu shi ne ya tsare addininsa da mutuncinsa. A fiƙihu ma, cinikin kayan sata ba ya cire mallakar mai shi. Duk ranar da ya kawo shaida zai karɓi abinsa, mai saye ya je ya nemi wanda ya sayar masa.

Na san akwai mai cewa, "Malama, wasu daga Turai ake kawo su, masu su sun daɗe da mantawa. Zubar da su ba almubazzaranci ba ne? Ga talauci, ga yara suna son sauraron karatu." Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Lallai akwai na'urorin da masu su suka bayar ko suka yar ba tare da sun cire asusu ba, kuma asara ce su zama shara. Matsalar ita ce, a kan teburin mai gyara ba a bambanta wadda aka yar a Landan da wadda aka fizge jiya da daddare a lungunmu. Mu da muke Kano mun san abin da ƙwacen waya ya yi mana, har a 2023 majalisar tsaro ta jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Yaron da yake zare wuƙa saboda waya ya san akwai mai buɗewa, akwai mai saye. Kowace naira da muka biya a buɗe wayar da ba mu san asalinta ba, ƙarfin gwiwa ce gare shi. Gobe ɗan wa zai tare? Sannan ya za a yi mu sa wa yaro Alƙur'ani a cikin abin da wataƙila mai shi yana can yana Allah ya isa?

To me mace za ta yi, alhali maigida ne ya kawo? Ba a ce ki tare shi da zargi ba. Ki yi godiya, ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ce, "Baban yara, abin nan da sunan wani a ciki. Da an koma wurin wanda ya sayar ya sa a cire, ko ya dawo da kuɗin, don kada mu ci haƙƙin wani." Haka nan idan ɗanki ko 'yarki suka shigo da wayar da ba ke kika saya ba, ki tambaya, kada ki ce Allah Ya sa albarka kawai. In kuma za a saya ta hannu, a sa mai sayarwa ya fita daga asusunsa a gabanku, a goge, a kunna a gani, a karɓi rasit. Araha ba ta ado.

Ɗalibata ta koma ta faɗa wa mijinta. Da ya nemi yaron a kan ya kawo mai asusun, sai yaron ya daina ɗaga waya. Kuɗinsu ya tafi, kuma na san ba su da shi da yawa. Suna nan suna cigiya. Ta ce mini, "Malama, gara asarar kuɗi da a tsayar da ni gobe a kan iPad."

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu da zuriyarmu daga cin haƙƙin bayinSa. Wassalamu alaikum.